Kada a ara wa mai nazari kakin ɗan sanda

Wata Juma'a a watan Nuwamban 2013, da rana tsaka, direbobin da ke bin wani babban titi a birnin Fort Worth na jihar Teksas suka tarar da 'yan sanda cikin kaki a kan hanya, suna nuna wa wasu motoci su karkata su shiga wani fili. Waɗanda ke jira a filin ma'aikatan wata cibiyar nazari ce mai zaman kanta, Pacific Institute for Research and Evaluation, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta ba kwangila. Abu uku suke nema wurin direba: ya busa numfashi a na'ura, ya ba da yawu a biya shi dala 10, ya ba da jini a biya shi dala 50. Ba za a rubuta sunansa ba, ba za a kama shi ba, kuma in ya ga dama ya ƙi.

Wata mata da ta fito cin abincin rana ta shaida wa gidan talabijin na garin cewa ta yi wa ɗan sandan alama tana son wucewa, bai bar ta ba. Kafin mako ya zagayo, shugaban 'yan sandan birnin, Jeffrey Halstead, ya fito ya nemi afuwar jama'a. A watan Yunin shekarar an riga an yi irin wannan hayaniya a Alabama, har gwamna Robert Bentley ya ce a binciko yadda aka yi. A watan Disamba kuma wani direba a garin Reading na Pensilbaniya ya kai ƙara kotun tarayya, yana cewa sai da ya maimaita "a'a" sau da yawa kafin a ƙyale shi ya tafi.

Ina tare da waɗannan direbobi. Ina kuma ganin nazarin da aka tare su dominsa yana cikin ayyuka mafi amfani da aka taɓa yi kan lafiyar hanya. Riƙe waɗannan biyu a lokaci guda ba shi da daɗi, amma duk wanda ya yar da ɗaya don ya huta bai yi wa maganar adalci ba.

Bari in fara ba nazarin haƙƙinsa. Duk ƙasar da ta sa iyaka kan yawan barasar da za a samu a jinin direba tana cin moriyar wani aiki da aka yi a garin Grand Rapids na jihar Mishigan, wanda aka wallafa a 1964. Jagoran aikin, Robert Borkenstein, tsohon jami'in 'yan sandan jihar Indiyana ne, kuma shi ya ƙirƙiro na'urar gwajin numfashi a 1954. Dabararsa mai sauƙi ce. Gwada waɗanda suka yi haɗari kaɗai bai isa ba, domin in ka samu barasa a jinin goma daga cikin ɗari, ba ka san ko goma daga cikin ɗarin da suka wuce lafiya su ma sun sha ba. Sai ka koma wurin da aka yi haɗarin, a irin lokacin, ka gwada waɗanda suka wuce ba abin da ya same su, sannan ka kwatanta. Da wannan kwatanci aka gano yadda haɗari ke hauhawa yayin da barasa ke ƙaruwa a jini, aka samu hujjar da majalisu suka kafa doka a kanta.

Nazarin bakin hanya na ƙasa baki ɗaya a kan wannan tunani aka gina shi. An yi shi a 1973, da 1986, da 1996, da 2007, sai na 2013 zuwa 2014, biyun ƙarshe a yankuna 60, galibi daren Juma'a da na Asabar, har zuwa ƙarfe uku na dare. A 1973, kashi 7.5 cikin 100 na direbobin daren ƙarshen mako suna da barasa a jini da ta kai ko ta haura 0.08, wato giram 0.08 a kowane mililita 100 na jini, iyakar da dokar Amurka ta tsaya a kanta daga baya. A 2007 adadin ya sauko zuwa 2.2, a zagayen ƙarshe kuma 1.5. Wannan labari ne mai daɗi, kuma ba don nazarin ba da ba wanda zai iya rantsewa cewa shekaru arba'in na dokoki da wa'azi da kamu sun haifar da ɗa mai ido. Nazarin ne kuma ya nuna wata wutar da ke ci ta ƙasa: direbobin da aka samu sinadarin tabar wiwi a jikinsu sun tashi daga kashi 8.6 a 2007 zuwa 12.6 bayan shekara bakwai. A ƙasar da tuƙi cikin maye ke kashe mutum fiye da dubu goma duk shekara, irin wannan sani ba ado ba ne.

To me ya kawo 'yan sanda ciki? Masu nazarin suna da dalilai biyu, kuma duka ba na banza ba ne. Na farko, tsayar da mota mai gudu da ƙarfe biyu na dare aiki ne mai haɗari, kuma ɗan sanda ne ke da ikon sarrafa zirga-zirga. Na biyu shi ne wanda ba a cika faɗa da ƙarfi ba. In allo kawai aka kafa aka ce mai so ya shigo, wanda ya sha ya bugu ba zai shigo ba. Ɗalibi mai buƙatar dala 60 zai shigo, dattijuwa mai son taimaka wa gwamnati za ta shigo, amma wanda ake nema zai taka mai ya wuce, alƙaluman su fito fes suna ƙarya. Ana buƙatar ɗan sanda ne domin mutane ba sa iya wuce shi. Ke nan amfanin kakin a wurin shi ne ya rage wa direba zaɓi, kuma ba za a ci wannan amfani sannan a rubuta a rahoto cewa kowa da son ransa ya shigo ba.

Dokar Amurka ta daɗe da yanke wannan. Gyara na huɗu a kundin tsarin mulkinsu ya hana hukuma kama mutum ko bincikensa ba tare da dalili mai kyau ba, kuma kotun ƙoli ta ce tsayar da mota, ko na ɗan lokaci ne, kamu ne a idon doka. A 1979, a shari'ar jihar Delaware da Prouse, ta hana ɗan sanda tsayar da duk motar da ya ga dama don duba lasisi. A 1990, a shari'ar 'yan sandan Mishigan da Sitz, ta halatta shingen neman masu maye, da ƙuri'a shida da uku, bayan ta auna girman ɓarnar tuƙi cikin maye da ƙanƙantar jinkirin. A shingen da aka yi shari'a a kansa motoci 126 aka tsayar, kowace kimanin daƙiƙa 25, aka kama mutum biyu. A 2000 ta haramta shingen da birnin Indianapolis ke kafawa don farautar miyagun ƙwayoyi, ta ce ba a tare kowa da kowa don neman laifi gaba ɗaya. A watan Afrilun 2013 kuma, watanni kaɗan kafin abin da ya faru a Fort Worth, ta ce ko wanda aka kama ana zarginsa da maye, ɗibar jininsa a bisa ƙa'ida sai da takardar izinin alƙali, in ba akwai wata larura ta gaggawa ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne a Teksas ba a ma kafa shingen neman masu maye. Babbar kotun laifuka ta jihar ta ce a 1994 sai majalisa ta tsara yadda za a yi, majalisar kuma ba ta tsara ba. Ɗan sandan Fort Worth ba shi da ikon jera motoci don ya kamo mashayin da zai iya kashe wani a daren nan, amma sai ga shi, a lokacin da ba ya bakin aiki, sanye da kakin gwamnati, ana biyansa don ya karkatar da motoci zuwa wurin ɗan kwangila. Wanda ya ce direbobin sun cika ƙorafi, ya fara amsa wannan.

Na yi aikin tattara bayanan lafiya gida-gida a ƙauyukanmu, kuma a can na koyi abin da ake kira yarda. In muka shiga gari mu kaɗai, da jaka da takardu, za mu sha "maigidan ba ya nan" da "ku dawo gobe", wasu kuma su fito su ce ba sa so, mu yi godiya mu wuce. In mai unguwa ya haɗa mu da yaronsa, ba gidan da ke rufe mana ƙofa. Sai in tsaya a zaure in karanta wa maigida takardar amincewa, in ce, "Baba, in ba ka so ba komai, ba abin da zai same ka." Sai ya dubi yaron mai unguwa da ke tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "Haba Malam, tunda shi ya turo ku, ai sai ku yi aikinku." Yaron bai buɗe baki ba, bai tsoratar da kowa ba, tsayuwarsa kawai ta isa. A takarda an samu yarda ɗari bisa ɗari. A zuci kuwa, tilas ce, wadda Bahaushe ya ce ba ta rasa ɗakin kwana.

Haka hannun ɗan sanda yake a kan titi, har ya fi, domin shi akwai bindiga a ƙugunsa, akwai kuma dokar da ta ce wanda ya ƙi bin umarninsa a hanya ya yi laifi. NHTSA ta ce an kafa alluna masu cewa nazari ne na sa kai kuma ana biya, ta ce 'yan sandan ba sa shiga filin, ba sa yin tambaya. Na yarda haka aka tsara. Amma direban da ya hango fitilar motar 'yan sanda da tsakar dare ba allo yake karantawa ba. Yana tunanin ko lasisinsa ya ƙare, ko fitilar baya ta mutu, ko akwai tarar da bai biya ba. In baƙar fata ne, ko baƙo ne da takardun zamansa ba su cika ba, tunaninsa ya wuce nan nesa. Lokacin da wata budurwa mai fara'a ta leƙo tagarsa ta ce masa yana da 'yancin tafiya, an riga an fitar da shi daga hanyarsa, an saka shi a layi, akwai mota gabansa akwai mota bayansa. Yardar da za a nema ta zo bayan an gama tsayar da shi, alhali tsayarwar ce abin da ba a tambaye shi ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, kuma a cikin takardar nazarin kanta wani lauya a Fort Worth ya gano shi, a rubutu ƙanana. Mai tambayar tana riƙe da wata ƙaramar na'ura da ke shaƙar iskar da ke kusa da bakin direba tana nuna ko akwai barasa, tun kafin ya ce e ko a'a. Masu nazarin sun kare kansu da cewa ta haka suke gane wanda ya bugu don kada su bar shi ya koma titi. Irin wannan sukan nemo masa wanda zai tuƙa shi, ko tasi, ko ɗakin kwana a otel. Ta haka ne kuma suke ƙiyasta yawan mashaya a cikin waɗanda suka ƙi shiga. Niyya mai kyau ce, ban musa ba. Amma tun daga ƙa'idojin Nuremberg na 1947, zuwa rahoton Belmont na 1979 da Amurka ta fitar bayan abin kunyar Tuskegee, inda aka shekara arba'in ana kallon baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba a ba su magani ba, ginshiƙin nazari a kan ɗan Adam guda ne: a tambaye shi kafin a taɓa shi. Mutumin da ya ce ba ya so, aka kuma shigar da numfashinsa cikin lissafi, an yi nazari a kansa ba da izininsa ba. Daga baya hukumar ta daina amfani da na'urar kafin a samu amincewa, kuma hakan ya nuna gyaran mai yiwuwa ne tun farko.

Kuɗin ma abin dubawa ne, ko da yake ban ɗauke shi babban laifi ba. Biyan mutum ladan ɓata masa lokaci daidai ne. Sai dai dala 50 ba nauyi ɗaya take da shi a aljihun lauya da na mai wankin kwanoni da ya taso daga aikin dare ba, kuma an san wanda zai fi miƙa hannu a soka masa allura.

Mutane da yawa a lokacin sun ɗauka ƙwayoyin halittarsu ake tarawa. Hukumar ta ce ba haka ba ne, barasa da ƙwayoyi kawai ake nema a yawun da jinin, kuma ban ga dalilin ƙaryata ta ba. Amma a duba lokacin. A farkon watan Yunin 2013 kotun ƙoli ta halatta wa 'yan sanda ɗibar yawun wanda aka kama da babban laifi don ajiye bayanan halittarsa. A makon ne kuma Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar leƙen asiri ke tattara bayanan wayoyin Amurkawa. Cikin wannan yanayi aka tura ɗan sanda ya tare mutum, wani kuma ya sa masa auduga a baki ya ce kada ya damu. Alƙawarin ɓoye suna yana da ƙarfi ne gwargwadon amanar da ke tsakanin mai yi da wanda aka yi wa, kuma direban bai san ɗan kwangilar ba, ba shi da hanyar bin sawun kwalbar jininsa.

Sakamakon ya faɗa kan nazarin kansa. Rundunonin 'yan sanda da dama suka ce ba za su sake ba da jami'ansu ba, majalisar dokokin tarayya ta sa sharaɗi a kasafin kuɗi cewa kada a kashe ko sisi a kansa, aka shafe shekaru masu yawa ba a sake yi ba. Kuma shekarun nan su ne waɗanda jihohi sama da 20 suka halatta shan tabar wiwi, wato lokacin da aka fi buƙatar sanin abin da ke jinin direbobi. Wannan asara tana ba ni takaici ƙwarai, kuma ban ɗora ta a kan matar da ta yi ƙorafi ba. Waɗanda suka tsara aikin sun ɗauki fushin direba a matsayin matsalar wayar da kai, alhali haƙƙinsa aka taɓa.

Na san abin da matsayina zai ci. In aka cire kaki daga hanya, alƙaluman za su rage kaifi, mashaya da yawa za su kauce. Akwai hanyoyin cike wani ɓangare na giɓin. Ana iya samun direbobi a inda suka riga suka tsaya da kansu, gidan mai ko wurin hutawa. Ana iya gwada jinin da asibiti ya riga ya ɗiba daga waɗanda suka ji rauni, bayan an cire sunaye kuma kwamitin ɗa'a ya amince. NHTSA ta yi haka a manyan asibitoci bakwai tsakanin 2019 da 2021, ta samu barasa ko wata ƙwaya a jinin fiye da rabin mutum dubu bakwai da ɗoriya. Amma wannan ba ya ba da kwatancin Borkenstein, ba ya faɗin halin waɗanda suka wuce lafiya. Ba zan ce babu hasara ba. Abin da nake cewa shi ne, in al'umma ta ga sanin nan ya kai a tsayar da mutane dole, to ta faɗa a fili, majalisa ta yi doka, ta ƙayyade minti nawa, me za a ɗiba, wa zai riƙe, yaushe za a lalata, kotu kuma ta auna. A Ostareliya ɗan sanda na iya tsayar da kowane direba ya sa shi busa na'ura, doka ce ta ce haka, kowa ya sani, ba wanda ake ce wa sa kai ne. Wannan ya fi mutunta direba nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa na damu da rikicin da aka yi a Teksas shi ne mu ma muna buƙatar irin wannan sani, wataƙila fiye da su. Rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, mai ɗauke da shekarar 2018, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Duk wanda ya taɓa hawa motar dare daga Kano zuwa Legas ya ji ana maganar abin da wasu direbobi ke sha don kada barci ya kwashe su, daga gadagi zuwa tiramadol. Za a zo ranar da hukumar kiyaye haɗurra, ko hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, ko wata jami'a da kuɗin tallafi daga waje, za ta so ta auna girman abin, kuma ya kamata ta auna. Hanya mafi sauƙi da za ta fara zuwa ran kowa ita ce a je shingen da ke nan tuni, a roƙi jami'an su riƙa turo motoci. A ƙasar da direba ya saba ganin shinge a matsayin wurin da ake rabuwa da kuɗi, har babban sufeton 'yan sanda na lokacin, Mohammed Abubakar, ya ba da umarnin rushe shingaye a 2012, kalmar "in ka ga dama" ba za ta yi wata ma'ana a bakin bindiga ba.

Kuma mun san kuɗin da ake biya in aka yi wasa da yarda. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ne ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, labarin nan yana cikin abin da ke bakin mutane, kuma yaran da ba su ji ba ba su gani ba su suka shanye.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman. Duk wanda zai yi wannan nazari a nan, ya je tasha, ya bar jami'an tsaro a waje. Ya kuma lura cewa shugaban tasha ma hukuma ne: in shi ya tsaya ya ce kowa ya ba da fitsari, direban da ya ƙi zai ji tsoron rasa layinsa na lodi. A nemi izinin ƙungiyar direbobi, sannan shugabanninta su koma ofis. A yi bayani da Hausa, da baki, a ɗaki mai ƙofa, ba a gaban 'yan kamasho ba. Kada a rubuta suna ko lambar mota, kada a gwada komai a jikin mutum kafin ya ce to, kuma a rubuta a yarjejeniya, da sa hannun hukumomin, cewa sakamakon kowane mutum ba zai isa hannun mai kamu ba. Direban da ya ce a'a ya koma motarsa ya yi lodi a layinsa, kamar ba a taɓa kiransa ba.